Kada Ka Kalli Hannun Mai Gwajin Kunne

Dakata, Kano.

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa ka tare a ɗakinka na Panshekara lafiya, ya haɗa ka da maƙwabta na gari, ya tsare ka daga tirelolin hanyar Challawa safe da yamma. Ummanku tana gaishe ka, ta ce in tuna maka tukunyar da ka ɗauka aro ce.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a aljihunka, kuma Panshekara ba bangon duniya ba ce. To, ka san yadda hirarmu take ƙarewa. Ka yi magana, in ce me ka ce, ka maimaita, in sake tambaya, sai ka sunkuyar da kai ka ce, "A bar shi kawai, Baba." Wannan a bar shi kawai ɗin ta ishe ni. A takarda babu mai ce min a bar shi. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe. Rubutun ɗan sakandare ne, amma ɗan sakandaren nan ne ya biya maka makaranta har ka fito da difiloma.

Ummanku ta gaya min abin da ya faru ranar da za ka tafi. Kamfanin da ya ɗauke ka ya ce kafin ka fara aiki a ɗakin janareta sai an gwada kunnenka. Kai kuma tsoro ya kama ka, kana ganin in aka gano wani abu za a hana ka aikin. Shi ne aminina Sabo ya ja ka zaure ya koya maka dabarar da muka yi a zamaninmu. Shi a ganinsa raɗa yake yi maka. Har mai tuyar awara a ƙofar gida ta ji. Sabo ya manta cewa kurma ba ya iya raɗa.

Tunda an koya maka dabarar, ni bari in gaya maka abin da ta haifa, domin da ni aka yi ta.

Masaƙar da na fara aiki a Bompai ba ka tarar da ita ba, yanzu sito ce ta 'yan shinkafa. Na shige ta daga ƙauye da takardar sakandare a cikin leda, ban san kowa a birni ba. Ɗakin saƙa kuwa ba zan iya kwatanta maka shi ba. Injuna ne jere iya ganinka, kowanne yana dukan ƙarfe da ƙarfe, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. A ciki ba a magana da murya. Baki ake kallo, hannu ake karantawa. In mutum ya shafa haɓa, foman na tafe. In ya buga ciki, lokacin abinci ya yi. Mukan zagi manaja a gabansa da leɓe kawai, shi kuwa yana ta yi mana murmushi. In an tashi sai mu fito titi muna ɗaga wa juna murya kamar masu faɗa, kunne yana ta ƙugi kamar gyare ya shige shi. Kafin gari ya waye ƙugin ya tafi. Wata rana kuma ya ƙi tafiya, yana nan har yanzu da nake maka wannan rubutu.

Akwai wani Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, shi kaɗai yake cusa auduga a kunne ya ɗaure da ƙyalle. Muka sa masa suna Amarya. In ya shigo sai mu tare shi: "Amarya, a buɗe fuska mana, ga dangin ango!" Shi kuwa dariya kawai yake yi, ya ce, "Ku yi ta yi, Isyaku. Ranar da za ku nemi tafinta tsakaninku da matanku, ni zan yi muku, amma ba kyauta ba." Ni na fi kowa tsokanarsa, domin a lokacin na zama makanike, kuma makanike da kunnensa yake taƙama. Nakan kafa tsinin sukudireba a jikin inji, in ɗora ƙotar a kunnena, in gaya maka wane boris ne ya kusa mutuwa tun kafin a kwance murfi. Na ce mai irin wannan baiwa ba ya toshe kunne. Ban yi hankalin gane cewa wanda yake ci da kunne shi ya fi kowa bukatar adana shi ba. Auduga ba wata kariya ce ta kirki ba, daga baya na sani, amma ko ba komai Yohanna ya san yana da abin karewa.

Saboda haka abin toshe kunnen da za su ba ka, ka sa shi tun daga bakin ƙofa, kada ka cire sai ka fito. In ba su ba ka ba, ka tambaya. In sun yi maka hanya-hanya, ka saya da kanka. In wani ya kira ka amarya, ka amsa masa, ka tambaye shi ina lefen.

Sai maganar gwaji. Wata shekara kamfani ya kawo masu gwajin kunne. Suka kafa wani akwati kamar rumfar mai gadi, da ƙofa mai kauri da tagar gilashi. Mutum ya shiga ya zauna, a sa masa abin sauraro a kunne, a ba shi maɓalli a hannu, duk lokacin da ya ji ƙara ya danna. Wata nas tana zaune a waje, ita take aika ƙarar. Kafin azahar jita-jita ta gama ɗakin saƙa: duk wanda ya faɗi, korarsa za a yi. Ba wanda ya je ya tambayi gaskiyar maganar. Kowa yana da bakunan da yake ciyarwa.

Sabo ne ya fara shiga daga cikinmu. Da ya fito sai ya kashe mana ido, ya nuna mana da hannu: ku kalli matar ta gilashi. Duk lokacin da za ta aika ƙara, hannunta yana motsawa, ta kuma ɗago ido. Da kun ga haka, ku danna. Ka ga mutanen da suka yi shekaru suna karanta leɓe da motsin yatsa a cikin hayaniya, an ba su aikin da suka fi iyawa a duniya. Na shiga, na ji ƙarar farko, na ji ta biyu, daga nan shiru. Amma hannuna bai tsaya ba. Tana motsawa ina dannawa. Da na fito ta ce, "Malam, kunnenka ya fi na yaro." Na ce, "Gado ne, Hajiya."

Ɗakin saƙa gaba ɗaya ya ci jarrabawa. Ka san me ya biyo baya? Manaja ya tara mu a bakin get ya ce alhamdu lillahi, gwaji ya nuna ƙarar injuna ba ta cutar da kowa, don haka abin rufe kunnen da aka yi niyyar sayo mana babu bukatarsa. Muka tafa masa. Wallahi muka tafa. Na yi shekaru ina ba da wannan labari a majalisa ana dariya, kai ma ka sha ji daga bakina, a matsayin yadda talaka ya yi wa kamfani wayo. Yau ina gaya maka, ba kamfani muka yi wa wayo ba. Kamfani ya rufe, masu shi sun kwashe nasu sun tafi da kunnuwansu lafiya. Mu aka bari da gyare a ka.

Kada ka ɗauka kuka nake maka. Da masaƙa ta rufe ban zauna a gindin bishiya ina zagin gwamnati ba. Na sayi mataccen inji a wurin 'yan gwangwan, na tashe shi da hannuna, na fara niƙa robar da 'yan jari-bola suke kawowa. Yau ina da fili nawa a Dakata, ina da ma'aikata, na je Makka, na kai Ummanku. Ba wanda ya ɗora ni. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma akwai abin da gudun ya ci min wanda bai kamata ya ci ba, kuma da hannuna na miƙa.

Abin ba ya zuwa rana ɗaya, shi ya sa mutum yake musu. Muryar Ummanku ce ta fara ɓacewa. Na ce ta koyi magana ƙasa-ƙasa don ta raina ni. Na sha yi mata tsawa, "Ki buɗe baki ki yi magana, Rabi, ba tuwo ne a bakinki ba!" Ita kuwa ta ce, "Alhaji, muryar da ka auro ni da ita ce, ban canza wata ba." Ku ma yara na ce ba ku da tarbiyya, kuna gunaguni. Rediyo na ce batir ne. Liman na ce lasifikar masallaci ce ta lalace, har na sayo sabuwa na ba da sadaka, ita ma na ce jabu ce aka sayar min. Kowa a garin nan yana da laifi ban da kunnen Isyaku.

A majalisa na koyi kallon fuskoki. In an yi dariya in yi, in an girgiza kai in girgiza. In mutum ya yi min doguwar magana in ce "Haka ne, Allah ya kyauta," domin wannan amsa tana shiga kusan ko'ina. Amma sallama ba ta da dabara, domin sau da yawa daga bayanka take zuwa. Maƙwabcinmu Malam Idi ya daina shiga harkata, ya daina zuwa in an yi mana suna ko biki, ban san dalili ba. Sai daga baya na samu labarin abin da ake faɗa a unguwa: Isyaku ya yi kuɗi, ya daina amsa sallamar talaka. Ni da na kwana a kan kwali a Bompai! Girman kai ina da shi, ban musa ba, amma ban taɓa jin sallamar Musulmi na ƙi amsawa ba. Ji ne ban yi ba. Da na yarda an sani, da unguwa ta yi min uzuri. Na gwammace a ce min mai girman kai da a ce min kurma, kuma abin da aka ce ɗin ke nan.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Inna, kakarka. Ranar da za ta rasu, da hantsi, ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ta ce a bar ta da ni. Ta riƙe hannuna, ta yi magana mai tsawo. Muryarta ta riga ta shige. Na kai kunnena har bakinta, iska kawai nake ji. Da zan iya cewa, Inna, ba na ji, bari in kira Rabi ta tsaya a tsakaninmu. Ban ce ba. Na yi abin da na saba, na kalli fuskarta, duk inda ta tsaya in ce, "To, Inna. Na ji, Inna. In sha Allahu." Ta saki hannuna hankalinta kwance. Har gobe ban san alkawarin da na ɗauka ba. Na biya duk wanda ya ce yana binta, na riƙe ƙannena, na gyara gidanmu na ƙauye, ina lalube ko zan dace. Ka ga inda dabarar Sabo take kai mutum: ka saba danna maɓalli ba ka ji komai ba, har ka danna wa mahaifiyarka.

Bayan haka ne na kai kaina asibiti. Ba wanda ya ja ni. Kafin nan na gama da man zaitun, da ruwan albasa, da masu sakace kunne na bakin kasuwa, duk a banza. Likitar kunnen mace ce, 'yar wajen Filato, ba ta kai ƙanwata ba. Ta fara haska cikin kunnen, ta ce babu dauɗa, babu ƙurji, fatar ciki lafiya lau. Sannan ta zauna ta yi min tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi min. In mutane da yawa suna magana lokaci ɗaya, kana bin zancen? Muryar wa ta fi ba ka wahala, ta maza ko ta mata da yara? In an kira ka daga baya, kana sanin ta ina aka kira? Akwai wurin da ka daina zuwa saboda wannan? Na buɗe baki zan ce babu, sai na yi ƙoƙarin tuna rabona da zama a wurin ɗaurin aure har a watse, na kasa tunawa.

Sai ga akwatin, da gilashinsa, kamar wancan. Na zauna ina fuskantar taga, idona a kan hannunta tun kafin ta fara. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Baba, tsohon ɗan masaƙa ne ku, ko?" Na ce, "Wa ya gaya miki?" Ta ce, "Duk haka kuke zama. Ku juya kujerar." Na ce, "Yarinya, ni ban zo satar amsa ba." Ta ce, "To ai shi ke nan, bango ba zai dame ku ba."

Na juya. Habibu, ban taɓa zama a wuri mai shiru da tsawo kamar wannan ba. Ƙara mai kauri na ji ta, na danna. Da aka koma sirara sai na zauna da maɓalli a hannu ina jira, na san tana aikowa, ni kuwa babu. Ta ɗora wani ƙarfe a ƙashin bayan kunnena ta sake gwadawa. Ta karanto kalmomi ta ce in maimaita, ina jin ana magana amma kalmomin kamar an gutsure musu baki. Da aka gama ta nuna min zane, layi ya taho a miƙe sannan ya gangara kamar an faɗa kududdufi. Ta ce nan wurin siraran sauti ne, su ƙarar inji take fara kashewa, kuma su ne suke bambanta kalma da kalma, shi ya sa nake jin murya ba na gane zance. Na ce a rubuta min magani ko nawa ne. Ta ce abin da ya mutu a can ciki ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya rage, a kuma taimaka masa da na'ura.

Na sa na'urar, kana gani. Sabo ya ce na zama rediyo mai batir, in na mutu sai an cire kafin a yi min wanka. Na ce masa gara rediyo da kututture. Wasu suna cewa in ja hula in rufe ta. Ni kuwa ƙara tura hular sama nake yi. Mai tabarau yana ɓoye tabaransa? Da kuɗina na saya, ba roƙa na yi ba. Ranar farko na ji ƙarar silifas ɗina, na juya ina neman mai bina. Na kuma gano cewa Ummanku ta yi shekaru tana yi min mita a bayana cikin kwanciyar hankali. Na je har gida na sami Malam Idi na gaya masa gaskiya, ya ce, "Ashe lalura ce, Alhaji! Mu muna nan muna ɗaukar alhakinka." Amma kada ka ɗauka na'ura kunne ce. A cikin taro har yanzu hayaniya take tara min. Shi ya sa nake cewa ku kira ni tukuna, ku fuskance ni, ku yi magana a tsanake. Ihu ba ya ƙara min komai sai ciwon kai.

Yanzu kai. Ina lura da kai ba tun yau ba. Mai kallon fuskoki ba abin da yake wuce shi. In ana magana kana karkato da kunnen dama. Kana ƙure sautin waya. Ka gaya wa Ummanku kunnenka na hagu yana ƙugi, ka ce kada ta faɗa min. Na san inda ka samo shi. Duk hutun makaranta a bakin injin niƙa na tsayar da kai, kunne a buɗe, ina cewa namiji nake ginawa. Injin nan shi ya ciyar da kai, ba zan tsine masa ba, kuma ba zan tsaya gaban kowa a unguwa ina ba da haƙuri ba. Amma tsakanina da kai, rabona a cikin wannan na sani, na kuma ɗauka. Abin da ba zan ɗauka ba shi ne in zuba ido ka ɗora ƙarya a kai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka shiga akwatin, ka ce a juya maka kujera tun kafin su ce. In babu halin juyawa, ka rufe ido. Abin da ka ji ka danna, abin da ba ka ji ba ka bar shi ya wuce. Ka faɗa musu maganar ƙugin, ka faɗa musu shekarun da ka yi a bakin inji. Wataƙila abin da yake damunka mai magani ne, ba za ka sani ba sai an duba da gaske. In kuma irin nawa ne ya fara, to ka san abin da ya rage maka tun kana da sauran abin tsarewa, ka san irin wurin da za ka tsaya da irin wanda za ka guje wa. Ka nemi su ba ka sakamakon, ka riƙa komawa ana sake gwadawa. Ba don kamfani ba. Kamfani zai iya sayen sabon janareta, kai kuwa ba a sayar da sabon kunne a Sabon Gari.

Na san abin da kake tsoro. Aiki ya yi wuya, abokanka suna yawo da takardu a hannu, kai ka samu. To, ka ji daga bakin ubanka: in sun ga sakamakon gaskiya sun ɗauke ka, madalla. In sun canza maka sashe, ka karɓa. In kuma sun ce ba sa so, ka tattaro kayanka ka shigo Dakata da rana tsaka, kanka a sama. Duk wanda ya tambaya, ka turo min shi. Ban tara abin da na tara don ɗana ya sayar da kunnensa a kan albashi ba. Ina da aikin ofis da na saye da sayarwa da suka fi ƙarfina, nesa da bakin inji, kuma ma'aikatana ma yanzu ba mai kusantar injin nan kunne a buɗe, ko ya so ko ya ƙi.

Amma in ka kalli hannun mai gwaji ka samu aikin da wannan dabara, ga maganata. Yayyenka duk sun kawo min albashinsu na farko na sa musu albarka. Kai kada ka kawo. Ba zan taɓa shi ba, ba zan bari Ummanku ta taɓa ba. Kuma ba sai na aika an bincika min ba. Zan zaunar da kai in tambaye ka, in kalli fuskarka, ka kuwa san yadda na iya karanta fuska.

Allah ya tsare min kai, ya tsare jinka da ganinka, ya ba ka zuciyar faɗin gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi. Allah ya raba ka da sharrin ƙarfe da na wuta da na mugun aboki, ya dawo mana da kai lafiya ko da aiki ko babu. Ka riƙe salla. In ka gama da masu gwajin, kada ka kira ni a waya. Ka zo da ƙafarka ka faɗa min ido da ido.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Isyaku Mai Roba